Darasi na 14: Kalmomin Aure a Takardun Turanci

Jama'a, darasinmu na yau ya taɓa Turanci, amma kada kowa ya firgita. Ba mu ce sai kun iya hira da Bature ba. Waɗansu kalmomi ne 'yan kaɗan, ba su fi ashirin ba, dukansu kuwa a kan aure su ke. Mun tsamo su ne domin ko mun so ko mun ƙi sai mun gamu da su. Wanda ya je yankan katin ɗan ƙasa zai tarar da su. Wanda ya je banki buɗe ajiya zai tarar da su. Mai ciki ma in ta je awo, sau da yawa suna nan a kan katin da a ke cika mata. Akawu ya kan yi tambaya da Hausa, mu amsa masa da Hausa, shi kuwa ya rubuta da Turanci. To, tsakanin bakinmu da alƙalaminsa, nan ne ɓarna ta ke shiga.

Ga abin da ya sa muka rubuta wannan darasi.

Akwai wata mata a cikin wani ajinmu na ƙasar Rogo. Mijinta ya rasu, ta yi takaba ta fita. Bayan kamar shekara guda ta tafi wani ofis domin a yi mata wata takarda. Akawun yaro ne, layi kuwa ya yi tsawo, rana ta take. Ya ce mata, "Inna, kina da miji?" Ta ce, "A'a, ɗan nan, ni bazawara ce." Ya sa alama a wani gurbi, ta dangwala yatsa, ta kama hanyar gida.

Ba a raba gonar mamacin da wuri ba, kun dai san yadda mu ke yi da gona. Da aka zo rabo, sai takardar nan ta faɗa hannun wani daga cikin dangin mijin, wanda ya ɗan taɓa boko. Ya duba, ya ce, "Ai ga shi a rubuce, sakakkiya ce. Da bakinta ta faɗa, ga yatsanta." In kuwa da gaske an sake ta, har ta gama idda kafin ya rasu, ba ta da ko taki ɗaya a gonar. Magana ta kai gaban alƙali. Alƙali bai tsaya ga takarda ba, ya nemi shaidu. Limamin da ya sallaci gawar ya zo, mai unguwa ya zo, aka kuma ji daga matan da suka ga zaman takabarta. Ta sami rabonta. Amma sau huɗu tana zuwa kotu, da damina, ana tsakiyar noma, har sai da ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota.

Matar nan ba ta yi ƙarya ba. Akawun ma ba mugunta ya yi ba. Abin da ya faru shi ne, mu kalma ɗaya mu ke da ita, watau bazawara, Turanci kuwa biyu gare shi. Ta wadda aka saka daban, ta wadda miji ya mutu ya bari daban. Yaron ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, bai ƙara tambaya ba.

Malaman nahawu suna kiran irin waɗannan kalmomi sifa. Sifa ita ce kalmar da ke nuna yadda mutum ko abu ya ke. In mun ce doguwar riga, doguwa ita ce sifa. In mun ce sakakkiyar mace, sakakkiya ita ce sifa. Sifofin aure na Turanci kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke nuna halin da mutum ya ke ciki. Akwai kuma waɗanda ba su hawa kan mutum, sai kan abin da ya shafi aure, kamar gida ko doka ko kaya. Za mu fara da na mutum, gama su ne a ke dangwala wa yatsa.

A kan fom za ku ga an rubuta *marital status*. Ma'anarsa, wane hali ka ke ciki wajen aure? A ƙarƙashinsa a kan jera gurbi biyar. Haka su ke a fom ɗin katin ɗan ƙasa, na hukumar nan da aka kafa a 2007. Ga su: *single*, *married*, *divorced*, *widowed*, *separated*.

Ko wanda bai iya faɗinsu ba yana iya gane su da harafin farko. Mai M ita ce ta mai aure. Mai D ita ce ta saki. Mai W ita ce ta mutuwa. Masu S guda biyu ne, sai a ƙirga haruffa: gajerar tana da 6, doguwar tana da 9. Malamin aji ya rubuta su a allo da manyan baƙaƙe, kowa ya kwafa.

Mu ɗauki *married*, ana faɗinta kamar "marid". Ma'anarta mai aure, namiji ko mace, ba bambanci. Wannan da sauƙi, amma akwai wurare uku da a ke tuntuɓe. Na farko, yarinyar da aka kai kuɗinta, aka yi baiko, har aka sa rana, ba ta shiga wannan gurbi ba tukuna. Turanci yana ce mata *engaged*, watau an yi mata miji amma ba a ɗaura ba, fom kuwa ba ya ba wannan gurbi. Na biyu, wadda aka ɗaura wa aure, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, shaidu suka ji sadaki, aka shafa fatiha, to ta zama *married* tun daga wannan sa'a, ko da ba ta tare ba, ko da sai bayan kaka za a kai ta. Ɗaurin aure a ke dubawa, ba tarewa ba. Na uku, fom halin yau ya ke tambaya, ba tarihi ba. Mace ta yi aure uku, yanzu tana ɗakin miji na huɗu, *married* ce. Mutum yana da mata biyu, ɗaya ta rasu ko ya sake ta, ɗaya tana nan, shi ma *married* ne.

Sai *single*, ana faɗinta kamar "singil". Asalin ma'anarta tilo, abu guda wanda ba a haɗa shi da wani ba. A nan Hausa ta fi Turanci wadata nesa ba kusa ba. Mu muna da budurwa da saurayi. Muna da tuzuru, wanda ya isa aure ya wuce bai taɓa yi ba. Muna da gwauro, wanda ya taɓa ajiye mace amma yanzu ba kowa a ɗakinsa, irin waɗanda Nalako ke bi da tashe a birnin Kano cikin watan azumi. Muna da bazawara. In Bature yana hira, duk waɗannan yana iya kiransu *single*, tun da ba wanda ke da aure a cikinsu a yanzu. Haka ma kalmar *unmarried*, wadda ke nufin marar aure, ba ta faɗin ko an taɓa yi ko ba a taɓa ba.

Amma hira daban, fom daban. In an jera gurbi biyar, to *single* ta wanda bai taɓa aure ba ce kurum: budurwa, saurayi, tuzuru. Gwauro ba ya shiga nan, bazawara ba ta shiga nan, gama an ajiye musu nasu gurbin a gaba. Masu ƙidayar jama'a ta 2006 sun san wannan ruɗu, shi ya sa a takardunsu suka sa *never married*, watau bai taɓa aure ba sam. A ganinmu wannan ta fi, da ma kowane ofis zai yi haka.

Mun san abin da ke sa waɗansu mata su ce a rubuta musu *single* alhali da 'ya'yansu. Kunya ce, ba su son a ce an sake su. Ba mu ga laifinsu ba wajen jin kunya, amma takarda ba ta mantuwa. Ranar da za a nemi taimakon marayu ko haƙƙin mamaci, sai a ce mata, yaya wadda ba ta taɓa aure ba ta ke da mijin da ya mutu?

Yanzu ga guda biyun da suka wahalar da ɗalibarmu.

*Divorced*, ana faɗinta kamar "dibos". Harafin nan v babu shi a Hausa, lafazinsa kusa da b ya ke. Ma'anarta aure ya mutu, ma'auratan kuwa suna da rai sa'ad da ya mutu. Ko miji ne ya yi saki, ko mace ce ta fanshi kanta da hul'i, ko alƙali ne ya raba, duk *divorced* ne. Namiji ma a kan ce masa haka, ba mace kaɗai ba.

*Widowed*, ana faɗinta kamar "widod". Ma'anarta mutuwa ce ta raba, ba saki ba. Matar da mijinta ya rasu tana cikin igiyarsa, *widowed* ce, tun daga ranar rasuwa, cikin takaba da bayan takaba, har ranar da ta sake wani aure. Namijin da matarsa ta rasu, ba shi da wata, shi ma *widowed* ne.

Ku tuna da auren zawarawa da Gwamnatin Kano da Hukumar Hisba suka fara a 2012, inda aka soma da mata 100. Mu da kalma ɗaya muka kira su, zawarawa. Jaridun Turanci kuwa sai da suka jera biyu, ta saki da ta mutuwa, gama ba su da ɗaya wadda za ta ɗauke su duka. A kasuwa ko a gidan biki, bazawara ta isa. A gaban akawu ba ta isa ba. Ki ce, "Mijina rasuwa ya yi," ko ki ce, "Sakina aka yi." Sa'an nan ki duba inda ya sa alama, W ce ko D.

Me ya sa muka matsa a kan wannan? Domin shari'a ma ta raba su, rabuwa mai nisa. Wadda aka saka tana idda tsarki uku. Wadda miji ya mutu ya bari tana takaba wata 4 da kwana 10, in kuwa tana da ciki sai ta haihu. Mai takaba tana da gado. In mamacin ya bar ɗa ko 'ya, rabonta tumuni ne, watau kashi ɗaya cikin 8. In bai bari ba, rubu'i ne, kashi ɗaya cikin 4. In su biyu ne ko uku ko huɗu, su raba wannan kason a tsakaninsu. Wadda aka saka da lafiyar miji, ta gama idda sarai, ba ta da komai a dukiyarsa, sai dai 'ya'yanta su ci nasu. Kun ga ashe tsakanin D da W akwai gona.

Akwai wata mace kuma wadda Turanci bai yi mata gurbi ba ko kaɗan. Ita ce wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu, tana cikin idda. A shari'a igiya ba ta tsinke ba tukuna. Mijin yana iya mai da ita ba da sabon sadaki ba, ci da sha da wurin kwana suna kansa, in kuma ya mutu kafin idda ta cika tana cin gadonsa. Shawararmu ga irin wannan, in takardar ba ta gaggawa ba ce, ta dakata har a ga inda magana ta tsaya. In ta gaggawa ce, ta tambayi malami, ta kuma faɗa wa akawu yadda abin ya ke daki daki. Mu dai ba mu so a yi saurin rubuta *divorced* a kan auren da bai gama mutuwa ba.

Ta biyar ita ce doguwar mai S, *separated*, ana faɗinta kamar "safaretad". Ita ce ta fi rikita mutanenmu. Ma'anarta aure yana nan ba a yi saki ba, amma an daina zama tare saboda rashin jituwa. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne yajin da ya daɗe, an yi biko an gaji, ita tana gidan iyayenta, shi kuwa ya ƙi ba da takarda. Yajin kwana uku ba ya cikin wannan. Wadda ta tafi goyon ciki ko wankan gida ba ta cikin wannan. Haka kuma matar ɗan ci-rani. Mazanmu da yawa in an gama girbi su kan tafi Legas ko Fatakwal ko Abuja neman kuɗi, su yi wata biyar ko shida. Nisa ne ya raba su da iyali, ba faɗa ba. In akawu ya ce, "Kuna tare da maigidan?" kada ki ce a'a ki yi shiru. Ki ce, "Yana ci-rani, da aurenmu." Ke *married* ce.

To, mun gama da na mutum. Sauran kalmomin ba a ce wa mutum su. Ba ka cewa kai *marital* ne, kamar yadda ba ka cewa "ni na aure ne" in kana nufin kana da mata. Suna hawa kan abu ne kawai. Ga mai kallo daga nesa dukansu "na aure" su ke nufi, amma kama da wane ba wane ba ne. Kowace da wurin da ta ke zama.

*Marital* ita ce ta yau da kullum, ita ce a bakin likita da akawu. Duk abin da ya shafi zaman miji da mata ana iya sa mata shi: matsayin aure, rikicin aure, haƙƙin aure. Ta fito daga Latin, harshen Rumawan dā, daga kalmarsu ta miji. Ku lura da rubutunta da kyau, gama tana da wata mai kama da ita, *martial*. Haruffansu ɗaya ne, sai dai i da t sun yi musayar wuri, kamar yadda rama ta ke komawa mara in an juya. *Martial* kuwa ma'anarta na yaƙi, na soja. Da muka faɗi haka a wani aji a Karaye, wani dattijo ya ce ai a gidan mai mata huɗu kowace aka rubuta daidai ne. Aji ya yi dariya, har da matan da ke bayan zana.

In an sa *pre* a gabanta ta zama *premarital*, watau na kafin aure. Wannan kalma ta shigo gidajenmu sosai tun watan Mayu na 2024, sa'ad da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta ce a gwada masu shirin aure a duba ƙanjamau, da ciwon hanta, da irin jinin da ke kawo sikila, a kawo takardar asibiti kafin a ɗaura. In kun ga *premarital* a saman takardar asibiti, wannan gwajin ke nan. Ba zargi ba ne, ba kuma cewa aka yi wani ya yi abin kunya ba.

*Bridal* ta amarya ce. Lefe, lalle, kitso, mayafi, duk abin da a ke yi wa amarya ko a ke ba ta. Ita ce ku ke gani a allunan shagunan kwalliya in kun shiga birni. Ba a sa ta ga ango, ba a kuma sa ta ga uwargidan da ta shekara ashirin a ɗaki. *Nuptial* ta ranar biki ce da shagalinta. Ba kasafai a ke jinta a baka ba, sai a jarida in ɗan sarki ko 'yar gwamna na aure. Wanda ya gane ta ya isa, ba sai ya riƙe ba.

*Conjugal* tana da asali mai daɗin ji ga manomi. Kun san itacen nan da a ke ɗora wa shanun huɗa biyu a wuya domin su ja garma tare. Daga sunan wannan itace a Latin kalmar ta fito, watau biyu da aka haɗa a ƙarƙashin itace guda. A yau ana amfani da ita ga abin da ke tsakanin miji da mata su kaɗai, irin haƙƙin kwana da sha'anin turaka. Kalmar lauyoyi ce, akwai kunya a cikinta. Kada wani ya ji ta yi masa daɗi a baki ya je ya sa ta a katin gayyatar biki.

Wadda za mu daɗe a kanta ita ce *matrimonial*. Ita ma "na aure" ta ke nufi, tushenta kuwa kalmar uwa ce a Latin. Amma gidanta kotu ne. In kun ji ta, to ana maganar doka, ko dukiya, ko gidan da ma'aurata ke zaune, ko rabuwa.

A Nijeriya aure iri uku doka ta sani. Akwai na Musulunci, akwai na gargajiya, akwai kuma na rajista, wanda waɗansu ke kira auren kotu. Shi na rajista yana bin wata doka ce da Turawa suka kafa a 1914, wadda har yau tana aiki. Daga cikin maƙwabtanmu Kirista akwai masu irin wannan aure. Sharaɗinsa mace ɗaya, miji ɗaya. Turanci yana kiran irinsa *monogamous*, auren mace fiye da ɗaya kuwa *polygamous*. Wanda ya yi auren rajista, matar tana nan, ya je ya ƙara wata bisa al'ada, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Ba a kuma kashe wannan aure da baki ko da 'yar takarda. Sai an je Babbar Kotu, a bi wata doka ta 1970 wadda kalmar *matrimonial* ke cikin sunanta. Dokar nan ta 1970 ba ta hau kan auren Musulunci ba. Namu yana gaban alƙalin shari'a, shi ke duba saki da hul'i da ciyarwa da riƙon 'ya'ya.

Ga inda haɗarin ya ke. Wani lokaci yaronmu zai nemi aiki ko tafiya wata ƙasa, a ce masa ya kawo shaidar aure. Wani mai kaifin baki sai ya ce masa, "Ku je ku yi rajista kawai, ba komai." Akwai komai. Takardar da ke shaida cewa an ɗaura auren Musulunci ran kaza a wuri kaza, wannan daban. Ɗaura sabon aure a ƙarƙashin dokar 1914, wannan kuma daban, yana da sharuɗɗan da muka faɗa. Ba mu ce wani ya fi wani a idon doka ba, kowanne aure ne. Abin da mu ke cewa, mutum ya san wanda ya ke sa wa hannu. Ya tambaya a karanta masa saman takardar, ya ji sunan dokar da ke kai. Matambayi ba ya ɓata.

Saura guda ɗaya, ta banki. Sau da yawa fom ɗin banki yana tambayar *maiden name* na mahaifiyarka. *Maiden* ma'anarta na budurci, na kafin aure. Al'adar Turawa ce mace in ta yi aure ta ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na gidan miji, shi ya sa su ke tambayar sunan farko. Mu a ƙauye ba mu san wannan ba. Mace da sunanta da na ubanta ta ke zuwa, da su ta ke komawa ga Allah. Saboda haka in an tambaye ka, ka ba da sunanta na yanka da sunan mahaifinta, ba na mahaifinka ba. Mun sani da nauyi mutum ya ambaci sunan uwarsa a gaban jama'a, balle ɗan fari. Wanda ya iya rubutu ya huta, sai ya rubuta a 'yar takarda ya miƙa, bakinsa bai faɗa ba. Ka kuma riƙe abin da ka bayar, gama banki ya kan sake tambaya wata rana domin ya tabbata kai ne, in amsa ta saɓa sai a tsare maka kuɗinka har ka kawo shaida.

Aikin aji

Malamin aji ya zana gurbi biyar a allo, ya rubuta kalmomin nan biyar ba bisa jerin da muka bi ba. Ya kira ɗalibai ɗaya ɗaya, kowa ya zo ya sa alama inda ya dace da waɗannan mutane.

Wata yarinya a Yammedi, an kai lefenta, an sa rana bayan Babbar Salla.

Wani mutum a Fulatan, uwargidansa ta rasu bara, amaryarsa tana nan.

Wata mata a Zarewa, mijinta yana kamun kifi a dam ɗin Challawa, wata biyu bai zo gida ba, amma yana aiko da cefane.

Wani tsoho a Turawa, matarsa ɗaya ce tak, ta rasu, bai sake aure ba.

Wata mata a Beli, an yi mata saki ɗaya yau kwana 15. Wannan kada a yi saurin sa alama, a tsaya a yi shawara a aji, kowa ya faɗi dalilinsa.

Ran aji mai zuwa, duk wanda ke da katin asibiti ko kwafin wani fom da aka taɓa cika masa, ya zo da shi. Kowa ya nemi inda aka rubuta *marital status*, ya duba harafin da aka zaɓar masa. Ba dole ne ya nuna wa na kusa da shi ba. Wanda ya ga an sa masa abin da ba shi ba ne, ya sami malamin aji bayan an tashi, a rubuta masa kalmar da ta dace a 'yar takarda, ya tafi da ita ofishin da aka yi masa, ya nemi a gyara.